Neman Fusaina da Katakon Awo

Salaga

Da ƙarfe biyar da kwata na asuba abubuwa suka fara karkacewa, a tashar Tamale, lokacin da katakon awon tsayin yara ya ƙi shiga bayan mota. Direba ya ce, "Hajiya, ƙofar ɗakinka ka ciro?" A cinyata katakon ya zauna har Salaga.

Ga abin da ya fito da ni. Bincikena na digiri a kan girman yara ne, ana auna su duk wata shida don a ga yadda suke canzawa. Hanyar lissafin da na iya tana watsar da duk yaron da ya tsallake awo ko sau ɗaya, kuma da yawa sun tsallake. Ranar Litinin zan kare zaɓin hanyar lissafina a gaban malamai. Kunyar tambayar Dokta, mai duba aikina, ta sa na ga ya fi sauƙi in bi yaran da kaina. Na fara da Fusaina, 'yar shekara huɗu.

Na tarar da uwarta tana fere doya. "Fusaina? Ai gwaggonta ta ɗauke ta riƙo. Tana Yendi."

Yendi

Ta Bimbila muka bi. A shinge ɗan sanda ya tambayi amfanin katakon, na gaya masa, ya ce to in auna shi. Na auna shi. Har na rubuta.

Mijin gwaggon malami ne, na same shi a zaure. "Kin makara, 'yata. Kakarta ta yi kewa, an kai mata ita Bawku." Suka cika ni da tuwo da miyar ayoyo, na kwana a ɗakin gwaggo. Allah ya saka musu.

Bawku

Gushegu, Nakpanduri, Garu, sai shingayen soja, kowanne da tambayar katako. Da la'asar na ga Fusaina tana shan rake a gindin kakarta. Sau uku na auna ta, don tabbaci.

Kakar ta ce, "Duk wannan hanya don wannan? Da kin jira, bayan Sallah Salaga za ta koma. Yaro ai na dangi ne, jikata. Sauran naki ma haka za ki yi ta binsu?"

Na tuna yawan sauran, na tuna Litinin. Na koma bayan rumbu na kira Dokta, na faɗa mata komai. Sai da ta gama dariya tukuna.

Ta ce, "Zuwaira, akwai hanyar da ke ja wa kowane yaro layin girmansa da iya awon da aka samu, ba ta watsar da kowa. Ita za ki ɗauka. Ki kuma rubuta wanda aka kai riƙo da wanda ba a kai ba, don ba haka kawai suke ɓace miki ba. Yanzu ɗauki katakonki ki dawo gida."