Jirgin Kandi da ƙullin Baba

Ni dai har gobe in anka ce Parakou na da nisa sai in yi shiru, don ban san wane nisa ake nuhi ba. Na san hanyar a mota tun ina kai albasar Garou: ka bar Malanville da sassahe, jandarma su tsai da ku, ramuka su kwance maka ƙugu, ka isa rana ta karkata. Babanmu kuwa da ƙahwa ya san ta. Ya kora shanu kanta shekara da shekaru, kuma da zango yake lissahinta, ba da awa ba.

Ranar kasuwar shanu ta Guéné wani bijimi mai baƙar zuciya ya soki wana a ciki. Munka kai shi gidan likita a Kandi, likitan ya duba ya ce aikin ya hi ƙarhinsu, sai Parakou, kuma ba ya jin jinin zai jira mota. Allah da ikonshi, akwai wani ɗan ƙaramin jirgi da ya kawo magani yana shirin komawa can. Masu jirgin sunka ce mara lahiya da mutum guda za su ɗauka. Baba yana daji wajen garke, don haka ni anka tura, ni da ko tsani ba na hawa.

Hilin jirgin nan, wallahi, masussukar shinkafarmu ta hi shi kyan gani. Jan ƙasa ne da ciyawa, sai da anka kori awaki. Na riƙe hannun wana, na rufe ido, jirgin ya tashi. Da na buɗe, subhanallahi! Ga kwalta ta koma zare, manyan motocin auduga suna rarrahe kanta. Ga burtali ya ratsa gonaki, ga wani garke da bai hi watsin gero ba. Na ce, “Yaya, ga hanyar Baba can ƙasa.” Sai ya matse mini yatsa. Tsoro da mamaki sunka haɗe mini, na yi ta kuka ina salati.

Da alwalar azahar na hau, da ita na sauka. Har na yi wa mai tuƙin tsiwa, na ce kada ya raina mini wayo, Parakou munka ce. Ya yi dariya ya nuna mini motar likita tana jira. Kahin la'asar an shiga da wana ɗakin aiki.

Baba bai iso ba sai washegari da hantsi, ƙura har gira, da ƙulli a hammata. Bai tambaye ni jikin wana ba, ya dafa kaina ya ce, “Haƙuri, ɗiyata. Ina anka aje shi?” Na ja shi ciki. Wana na kwance, ido buɗe, ya ce, “Baba, sannu da hanya.”

Tsohon nan ya tsaya kamar an kafa shi. Ƙullin ya suɓuce, farin yadi ya warware bisa siminti. Likkafani ne ya biya kasuwar Malanville ya yanko, don a saninshi ba mai irin wannan rauni da zai kai Parakou da rai. Ya durƙusa yana naɗe shi da sauri kada ɗanshi ya gani, amma wana ya riga ya gani.