Gaisuwar da Ta Fita Ranar Neman Gawa

Da ciwon sikila aka haife ni, shi ya sa tun farkon aikina a gidan rediyo na koyi ajiye murya yadda Inna ke ajiye busasshen kifi. Ranar da jiki ya yi daɗi sai in naɗi shiri huɗu ko biyar, a riƙa sakawa ko ina gadon asibiti. Da wannan dabarar kaɗai nake riƙe da filina na gaishe-gaishe, wanda nake rufewa da ɗan labarin soyayya daga littattafan da nake rubutawa. Masunta ne manyan masu saurarona. A goshin kwalekwale suke rataye rediyo.

Wata damina wasiƙa ta zo daga wata amarya a Warra, garin da ke bakin tafki, tana gaida mijinta da ya tafi su can wajen tsibirai. Layi biyu ne kacal, sai na ga sun yi mini tsirara. Na ƙara da nawa, yadda na saba yi wa taurarin littafina. Na kira sunansa sau uku a hankali, na ce, “Ka dawo gida hakanan, ruwa ya riƙe ka da yawa.”

Washegari sanyi ya shiga ƙasusuwana, aka kwantar da ni a Yauri.

Ban san jirginsa ya kife ba. Da hantsin da aka saka shirin, kwana uku ke nan ana nemansa. Jirage sun bazu a tafkin, kowanne da rediyonsa a kunne. Waɗanda ke wurin sun ce iska ta ɗauke, muryata ta tashi daga ko'ina lokaci guda, tana kira a bisa ruwan. Kafin in rufe baki ya taso, tsakanin jirage biyu, fuskarsa na kallon sama.

Da aka sallame ni na tafi ta'aziyya, ina dogara sanda, ina shirya kalmomin neman gafara. Amaryar ba ta bari na fara ba. Ta riƙe hannuna, nata ya fi nawa sanyi.

“Yaya, ni ban rubuta hakanan ba. Wa ya hwaɗa miki ruwa ya riƙe shi?”

Na ce ƙari ne na marubuta, kuma an ce dama a kwana na uku ruwa ke mayar da abin da ya ɗauka.

Wata tsohuwa da ke gefe ta matso, ta kwance bakin zaninta, ta fito da takarda da ta yi laushi don tsufa. Suna ɗaya ne a jiki.

“Ɗiyata, nawa ɗan ya shekara goma sha ɗaya cikin ruwa. Kira min shi, ko ƙashi ne in samu in rufe.”

Na ce, “Inna, ni ba kowa ba ce.”

“To mi za ki rasa?”

Na karɓa don kunya. Sau biyu ina zama gaban makirfo da takardar, harshena ya ƙi. In na kira bai zo ba, na ƙara mata shekara. In kuma ya zo fa?

A satin nan na miƙa wa wata abokiyar aikina filin gaishe-gaishen. Labaran littattafaina kawai nake karantawa yanzu. Kuma kafin in raɗa wa tauraron labari suna, sai na aika bakin ruwa an tambayo mini ko akwai mai irinsa da ba a gani ba.