Takalman da Yaya Ya Ara

Yayana bai taɓa mallakar takalmi ba. Manomi ne, tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙaya ma shakkarsa take yi. Yakan ce takalmi na masu ciwon ƙafa ne da teloli. Ni ne telan. Ina da keken ɗinki a wata rumfa a kasuwar Rano, ina kuma da sau-ciki ja na fata da na sayo a birni, kullum ina shafe shi da mai kamar jariri.

A ƙauyenmu, tsakanin Rano da Kibiya, hanya ɗaya ce ta ratsa gari, kuma ta ƙofar gidan dagaci ta bi. In dagaci na zaune a waje, duk mai wucewa sai ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Haka muka taso muka tarar, ba mu taɓa tambayar dalili ba.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, wasu samari 'yan jam'iyyar talakawa suka fara zuwa daga birni a kan kekuna ranar kasuwa. Suna cewa talaka ba bawan kowa ba ne, a daina kwashe mutane noman gonar masu sarauta tasu na cikin ciyawa, a daina faɗuwa gaban ɗan'adam. Ni daga bayan keken ɗinkina nake saurara, in gyaɗa kai idan ba mai kallona. Yaya kuwa maganar ta shige shi har ɓargo, don shi ne ake fara kira noman dagaci kowace damina saboda ƙarfinsa.

Wata safiya da damina ya yi sallama a ƙofar ɗakina.

"Tela, ara mini takalmanka."

"Yaya, kai da takalmi? Ko zance za ka?"

"Ƙofar dagaci zan wuce. An ce kada a tuɓe, ni kuwa ba ni da abin tuɓewa. In na wuce haka, wa zai san na ƙi?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, na miƙa masa da hannuna. Na san sarai abin da zai yi da su.

Takalman sun matse shi, yana tafe yana ɗingishi kamar mai taka garwashi. Ya isa ƙofar dagaci, ya yi sallama a tsaye, har "ranka ya daɗe" ya faɗa, don shi ba mai raini ba ne. Ya wuce abinsa. Kafin la'asar 'yan doka sun zo sun tafi da shi.

Ranar shari'a aka ajiye takalman a gaban alƙali. Kowa ya san nawa ne, babu irinsu a garin, don haka aka kira ni.

"Kai ka ba shi?" in ji alƙali.

Rumfata ta faɗo mini a rai, da kekena, da matata mai tsohon ciki. Na ji bakina yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, ban ba shi ba. Ɗauka ya yi ban sani ba."

Wallahi kaina kawai nake son tsamewa, ban hango inda maganar za ta faɗa ba. Alƙali ya ce ashe har da sata. Yaya ya juyo ya dube ni. Da ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Haka ne, ɗauka na yi."

Aka ba shi wata uku na rashin ladabi, aka ƙara uku na sata. Ni kuwa aka miƙo mini takalmana, har ana yi mini jaje.

Ya fito daga kurkuku da tarin da bai sake shi ba, gonarsa kuma ciyawa ta cinye. Amma ba wannan ya fi ci masa rai ba. Sauran waɗanda aka ɗaure saboda jam'iyya, da sun fito samari kan yi musu kirari. Shi kuwa ɓarawon takalmi ake ce masa, har a kunnen 'ya'yansa. Kalma ɗaya daga bakina za ta wanke shi, na kasa. Sau nawa nake zuwa gidansa da niyyar neman gafara, in zauna, in yi hirar damina da farashin gyaɗa, in tashi. Wata rana zan fita, ya ce, "Tela, takalman nan naka akwai matsi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Ya rasu da kaka, shekarar da Turawa suka tafi. Hanyar maƙabartarmu ta ƙofar dagaci take. Na ciro takalman daga ƙarƙashin gado, inda na jefa su tun ranar shari'a, na sa. Na rantse a raina da su zan wuce ƙofar nan ɗauke da Yaya, kowa ya gani, in ɗauri ne a ɗaure ni. Na kama gaban makara, na ƙi bari a karɓe ni. Ina tafe hawaye na zuba, ina ce masa a zuci, yau dai zan biya ka.

Sai da muka sauke shi a bakin kabari na ji tsakuwa tana sukar tafin ƙafata. Na duba ƙasa, babu takalmi. Ban san lokacin da na zare su ba.

Bayan an rufe shi, wani maƙwabcinmu ya matso ya miƙo mini su. Ya ce a ƙofar dagaci ya tsince su.

"Ai da ba ka wahalar da kanka ba," in ji shi. "Dagacin ma ba ya nan, tun safe ya tafi Rano."