Malam Alkasim, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

Wanda ya saba fitowa tashar jirgin ƙasa ta Sri Petaling da bakwai da rabi na safe ya san wani dogon dattijo mai hula ƙube da jakar goyo irin ta 'yan makaranta. Malam Alkasim Yahuza ke nan, malamin ƙididdiga a wata kwalejin ilimi a jiharmu, wanda ya zo nan Kuala Lumpur neman digirin dakta yana da shekara hamsin da huɗu. In ya sauka daga jirgi sai ya kama bas zuwa jami'arsa a Jalan Semarak, ya wuni a gaban kwamfuta, la'asar sakaliya ya biya ya sayo wa yaransa gurasar roti ya koma gida. Shekara uku ke nan haka yake. Ba ya cikin shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan, ba a kiransa ya yi jawabi a walima, in kuwa ana ɗaukar hoto shi ake miƙa wa waya ya ɗauka.

Ɗalibai ne suka san darajarsa, domin babu wanda lissafin bincike ya shaƙe wa wuya da bai ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Khaulah, mai digiri na biyu, ta ba ni labarin ranar da ta je masa a rikice.

"Malam, please, ɗan gyara kaɗan ne. Result ɗin ya ƙi fitowa yadda supervisor yake so."

"Cannot lah, 'yata," in ji shi, da irin Turancin mutanen nan. "Abin da mutane suka gaya miki shi za ki rubuta."

Ta fita tana kumbure-kumbure. Amma Asabar uku a jere ya zauna da ita har aikin ya tsaya da ƙafafunsa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, shekara ashirin mutumin nan yana aikin zaɓe a gida, tun daga zaman bakin akwati har ya kai ga tattara sakamakon ƙaramar hukuma. Yana da wata ɗabi'a da abokan aiki suke yi masa tsiya a kanta. Duk adadin da ya rubuta sai ya ja layi a gabansa, ya ja a bayansa, don kada wani ya sami wurin cusa lamba. Sai ya karanta da ƙarfi sau uku kafin wakilan jam'iyyu su sa hannu, sannan ya ninke kwafinsa ya adana. Suna ce masa Malam Ja-Layi, shi kuwa ko a jikinsa.

A watan zaɓen da ya wuce ya je gida tattara bayanan bincikensa, sai aka sa sunansa cikin ma'aikatan zaɓe kamar yadda aka saba. Ranar Lahadi da hantsi ya kammala lissafin ƙuri'un sanata na gunduma goma sha ɗaya. Sai ga wasu mutum uku da wata takarda fes, an riga an rubuta sunansa a ƙasa, hannunsa kawai ake jira. Ɗan takarar da ya sami dubu tara an mayar masa da ita dubu talatin da tara. Hussaini, direban da ya kai shi, yana bakin ƙofa ya ji lokacin da suka kara masa waya a kunne, wai wani babba zai yi magana da shi.

"Ranka ya daɗe, ban ƙirga wannan ba," shi ne duk abin da ya faɗa.

Suka kulle shi a ofis har bayan azahar, aka samo wani ya sa hannu, aka sanar a rediyo. Sun caje jakarsa, sun caje aljihunsa, ba su tuna da hularsa ba. A cikinta kwafin yake, da layukan da ya ja da sa hannun wakilai.

Wanda aka kayar ya tafi kotu, sammaci ya biyo Malam Alkasim har nan. A makon ne kuma takardar ƙarin hutun karatunsa ta maƙale a teburin wani a can gida. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama. In ba a sa hannu a takardar ba, sai ya koma bakin aiki, digirin ya tashi a banza.

Ana cikin haka Sanatan ya diro Kuala Lumpur, wai ya zo duba ɗansa a Bukit Jalil. Nan ne raina yake ɓaci har yau. Mu da ba mu da damar jefa ƙuri'a daga nan, mu da muka cika zaurukan WhatsApp da tsinuwa ranar da aka sanar da sakamako, mu ne muka kama ɗakin taro, muka buga ƙyalle mai hotonsa, muka yi layi kamar masu karɓar allura don a ɗauke mu hoto tare da shi. Masu digiri biyu, masu uku, kowa sai sunkuyar da kai yake yana washe baki. Ni ma na je, na ci shinkafar, na tafa. Ba na cire kaina daga wannan abin kunya.

Washegari Bahauddeen, shugaban ƙungiya, ya tare Malam a shagon shan shayi da saƙo daga Sanatan.

"Malam, Distinguished ya ce extension ɗinka small thing ne, one phone call. Kai dai ka ce copy ɗin ya ɓace wajen packing. Boleh, zai yiwu? Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Bahauddeen. Sha shayinka kar ya huce."

Kada wani ya ɗauka abin bai taɓa shi ba. Matarsa Indo ta ce kwana biyu bai iya cin abinci ba, sai ya buɗe babin ƙarshe na bincikensa ya zuba masa ido. Ita da ta bar danginta shekara uku saboda wannan digiri, ita ta fi kowa haƙƙin ta ce ya haƙura. A rana ta uku ta ɗauko kwafin daga ƙasan akwatinta ta ajiye a gabansa.

"Abban Walida, in ka ce ya ɓace, ni da na adana shi ka mayar maƙaryaciya. Sayi tikiti."

Na tambaye shi ko yana zaton kotu za ta sauke Sanatan. Ya ce wannan aikin alƙalai ne. "Ni dai mata na gani da goyo sun tsaya a rana tun safe har la'asar. In na ce takardar ta ɓace, su na ɓatar."

Kai ne, Malam, wanda ba a taɓa yi wa ƙyalle ba. Kai ne wanda hannunsa ba na haya ba ne. Ka zauna a cikinmu shekara uku muna wuce ka mu je gaida masu manyan riguna, ba ka taɓa ce mana komai ba. Za ka koma gida da sunan da ka zo da shi, babu Dakta a gabansa, kuma na san yana yi maka ciwo. Mun gode. Allah ya saka maka, ya saka wa Indo, ya tsare ka a gaban kotu da bayan fitowa.

Sauranmu kuwa, da yawa malamai ne, kuma zaɓe mai zuwa a hannunmu za a damƙa biro da takarda, a kara mana waya a kunne. Kowa ya fara shirya amsarsa tun yanzu. Ranar Alhamis da hantsi jirgin Malam zai tashi. Mutum ɗari biyu ne suka cika ɗakin taro ranar Sanata, sai mu ga nawa za su zo su ɗaukar masa jaka.