Ƙwan Zabin Batagarawa

Duk wanda ya tambayi gidan Maman Aaron a Kambarawa, ba a yi masa dogon kwatance. Sai a ce, "Bi kukan zakara." Sunanta Hannatu, mutuniyar Zonkwa ce, aikin mijinta ya kawo su Katsina. Ya yi ritaya, 'ya'ya suka watse, ita kuwa ta ƙi komawa, wai wa za ta bar wa kajinta? Ba ta da injin ƙyanƙyasa. Abin da take da shi kaji ne masu haƙurin kwanci, don haka ko ƙwan agwagwa ko na talotalo, wurinta ake kawowa.

Damina na tsaka maƙwabciyarta Hajiya Furera ta shigo da ƙwarya a rufe. Ƙwan zabi ne daga Batagarawa. Mahaifiyarta ta rasu, magada sun sayar da fararen zabinta kaf, wannan ne kaɗai aka tsinta a gindin dangar gidan.

"Maman Aaron, in wanga ƙwai ya lalace, irin Inna ya ƙare ke nan."

"Hajiya, ke da ko kashin kaza ba ki son gani a tayil ɗinki?"

"Zabi daban, kaji daban. Ke dai amana."

Hannatu ta sa su ƙarƙashin Wake-wake, uwar kajinta. Abin da ba ta lura ba shi ne, munafukar ta tura nata ƙwai uku can cikin dusa. Ƙwan kaza kuwa yana riga na zabi fashewa da mako guda. Ran Lahadi da ta dawo daga coci, sai ga Wake-wake a tsakar gida tana taƙama da 'yan tsaki uku, gurbi a buɗe.

Ko ɗankwali ba ta cire ba. Ta ɗora ƙwai ɗaya a kumatunta. Da sauran ɗumi, amma kaɗan. Ta kwashe 'yan tsakin ta sa a kicin, ta mayar da uwar gurbi, ta kife ta da kwando. Ina! Da sun yi tsiyau sai ta miƙe tana neman tattake ƙwan. Muddin tana jin muryarsu ba za ta kwanta ba.

Hannatu ta zuba su a kwali ta yi gidan Hajiya.

"Mi zan gani haka?"

"Baƙi na kawo miki. Sai kin riƙe 'ya'yanta kafin ta riƙe naki."

"A hwalona? Maman Aaron, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji, shi ya sa na zo a guje. Fitila kusa da su, tsaki da ruwa. Kada ki bari Alhaji ya kunna fanka."

Da yamma Wake-wake ta gaji da kira. Ta juya ƙwan da baki, ta baje fukafukai, ta lafe. Sai dai ba wanda ya san ko sanyi ya riga ya shige su. Hannatu ta yi mako tana leƙa akurki. In sun zama bara-gurbi, da wane ido za ta kalli marainiya?

Ran Litinin ta sama tana shara ta ji wani siririn kuka, ba irin na 'yan tsaki ba. Ta ɗaga fiffiken a hankali. Tara sun fito, jiƙe-jiƙe da su, biyu ba su yi ba. Ta zauna daɓas a ƙasa. "Na gode, Ubangiji."

Hajiya ta shigo da takalmi wari-da-wari. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, tana share ido da gefen mayafi.

"Alhamdu lillahi. Inna ta bar baya."

"To, a dawo mini da 'yan tsakina."

"Waɗanne? Ai sun saba da hwalo. Alhaji ma har suna ya raɗa musu."