Yayen Jikata da Nonon Miga

Shekarar da aka kawo mana jikata yaye a gidanmu na unguwar Limawa a Dutse, wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyin mata, wai an sami guba a madarar gari da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi sunan madarar ba. Amma yarinyar amana ce a hannuna. Uwarta ta roƙe mu kada ta koma gida a rame, ga shi ba ta shan kunu sai da madara.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Na farko, na kwashe gwangwanayen madarar gidan na kulle a akwatina. Na biyu, na kafa doka: abin da ya ƙetaro teku ba zai shiga cikin yarinyar nan ba. Na uku, na aika wa 'yar kawuna, taubashiyata, Bafulatana mai sayar da nono a wani ƙauye kusa da Miga, cewa ta riƙa aiko mana da kindirmo a mota duk bayan kwana biyu.

Uwargida ta ce, "Malam, shinkafar da ka ci jiya fa? A bayan gidan nan aka noma ta?"

Na ce, "Maganar madara ake yi."

Mako biyu yarinya tana shan kindirmo, kumatu suka fito. A ƙofar masallaci babu wanda ban yi wa wa'azin nonon saniyar gida ba.

Saura na huɗu, wato in je in ga shanun da idona. Rani ne. Na shiga mota zuwa Miga, na ƙarasa a babur. Na tarar da turaku a kafe, igiyoyi a rataye, kashin shanu ya bushe ƙayau.

Taubashiyata ta leƙo ta ce, "Kaɗo, kai ne da tsakar rana? Ko jikar nan, ƙaramar amaryar taka, ce ta koro ka?"

Bayan mun gaisa na ce, "Ina shanun?"

"Suna kudu tun bayan girbi. Sai ruwa ya sauka."

"To nonon da kike aiko mana fa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta shiga ɗaki ta jawo wani buhu mai rubutun da ban iya karantawa ba, ta dafa shi. "Ga saniyar. Ba ta cin dusa, ba ta harbi. In dama da ruwan zafi, in zuba ɗan tsohon nono, in rufe ƙwarya ya kwana. Da yawanmu haka muke yi da rani. Furar da kake sha a Dutse, da me kake zaton ake dama ta?"

Na ce, "Ai da kin faɗa mini."

"Ka tambaya? Umarni ka aiko."

Da ta ga abin ya dame ni da gaske, sai ta daina dariya. Ta kwance wata jar akuya mai shayarwa ta miƙo mini igiyar. "Aro na ba ka. Ɗan kuma na amarya ne. A tafasa nonon kafin a ba ta."

Haka na shigo Limawa da akuya da ɗanta a Keke Napep, mutanen ƙofar masallaci suna kallo. Na ce ni zan fara tatsa don in nuna yadda ake yi. Akuyar ta sa ƙafa ta kifar da kwanon. Uwargida ta karɓi kwanon ta tatse ta tas.

Kwana biyu yarinya tana kawar da kai, a na uku ta shanye kofi ta miƙo a ƙara.

Ranar da uwarta ta zo ɗaukarta, ta ɗaga ta ta ce, "Baba, me kuka ba ta haka? Ta yi nauyi."

Uwargida ta ce, "Mako biyu saniyar buhu, mako biyu akuya. Tambayi babanki wacce ta fi."

Na ce a je a ba akuya ruwa.