Kujerar 'Yar Ƙanwata

A Kwaya aka haifi 'yar ƙanwata, bayan doguwar naƙuda, kuma ba ta yi kuka da wuri ba. Har aka yaye ta wuyanta bai tsaya ba, hannuwanta kullum a dunƙule. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce iska.

Ni na raka uwarta asibitin Magarya. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta samu rauni wajen haihuwa, a ɓangaren da ke juya gaɓoɓi. Ba a ɗaukar ciwon, babu kuma allurar da ke warkar da shi. Ya nuna mana yadda za a riƙa miƙe mata hannu da ƙafa a hankali, ya ce a daina ba ta kunu a kwance, shi ya sa take ƙwarewa.

Ubanta ya haɗa mata kujera da katakon tsohon amalanke, aka cusa tsummoki su tallafe mata kai da ƙugu. A ciki take cin abinci, a ciki take wuni tare da mata masu ɓarar gyaɗa.

Magana ta zo mata a makare, da ƙyar take fita. Wata rana wata baƙuwa ta tsaya a kanta, ta tambaye ni, "Allah sarki, tana gane mutane kuwa?"

Yarinyar ta daɗe tana kokawa da harshenta, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Iya."

Baƙuwar ta amsa, ta jawo tabarma ta zauna kusa da ita.